Hannun Mai Madubi

A layin masu walda da kafintoci akwai wani shago mai shuɗiyar ƙofa da ba a shigarsa da garaje. Duk inda ka waiga gilashi ne jingine da bango, manya a baya, ƙanana a gaba, an raba kowane da ɗan'uwansa da kwali. A tsakiya ga wani faffaɗan tebur da aka lulluɓe da tsohon bargo, a bayan teburin kuma ga labulen da ya raba shagon da tsakar gida. Mai wurin, tun yana ɗan saurayi ake ce masa Mai Madubi, har sunan ya danne na ainihi. Matarsa ma, in tsokana ta motsa mata, haka take kiransa.

Siririn mutum ne mai dogayen yatsu, kowane yatsa da tabonsa. Sana'arsa ba ta da hayaniya irin ta maƙwabta. Abin yankan ɗan ƙarfe ne kamar biro, da 'yar mitsitsiyar taya a bakinsa. A tsoma bakin cikin kananzir, a ɗora miƙaƙƙen katako a kan awo, a ja layi daga wancan baki zuwa wannan, sannan a cusa siririn kara a ƙarƙashin layin a danna gefe da gefe. In aiki ya yi kyau sai ka ji ƙas, gilashi ya rabu biyu kamar da can ba haɗe yake ba. In bai yi ba, tsagar ta kama gabanta ta tafi inda ta ga dama, kuma babu gam ɗin da zai mayar. Duk unguwar an yarda babu mai hannunsa. An kuma yarda, ba a dai faɗa a gabansa, cewa mashayi ne.

Abin haushin shi ne yadda ya faro. Ubangidan da ya koya masa aiki, wani tsoho mai zafin rai da ya daɗe da rasuwa, shi ya fara ba shi. Ranar da za a bar shi ya yanka babban gilashinsa na farko jikinsa na rawa kamar mazari, sai tsohon ya ciro wata 'yar kwalba daga aljihu, ya cika murfinta ya miƙa masa, ya ce ya kurɓe, maganin rawar hannu ne. Ya kurɓe, maƙogwaro ya ɗauki zafi, ya ja layi, gilashi ya rabu tsaf. Allah ya jiƙan tsohon nan, amma ya cuce shi. Don tun daga ranar Mai Madubi ya sa wa ransa cewa gwanintarsa a cikin murfin nan take. Murfi ya zama rabin kofi, rabin kofi ya zama kwalba, kwalbar safe ta nemo ta yamma. Sabo turken wawa, sai ga shi har furfura ta fito bai taɓa jan layi da wayayyen kai ba.

Kada wani ya ce bai san giya haramun ba ce. Ya sani sarai, shi ya sa ma yake tauna kanumfari ya je ya tsaya a sahun ƙarshe, can wajen takalma. Mutanen layin kuwa kowa da yadda ya ɗauki abin. Mai kantin kwana ya daina amsa sallamarsa, amma da tagar kantinsa ta fashe, aike ya yi da awo yana cewa a yi masa da wuri. Yayar Mai Madubi ta rantse ba za ta ƙara taka gidan ba, ta kuma cika rantsuwa, sai dai ta tsaya a bakin shago ta zazzage masa kwandon faɗa ta ƙara gaba. Limamin masallacin layin bai taɓa yi masa gugar zana a wa'azi ba. In an idar da salla sai ya riƙe hannunsa ya ɗan jima bai saki ba, ya tambaye shi ya jiki, alhali ba ciwo yake ba. Wannan tambayar ta fi zagin Yaya ƙona masa rai.

Amininsa mai walda ne, shagonsu bango ɗaya, wani ƙato mai dariya kamar zai ɗage rufi, ana ce masa Tartsatsi. Shi mai zuwa coci ne, yakan sha kwalba ɗaya ranar hutu ya goge baki ya kama hanyar gida, ko kyauta ake rabawa ba zai ƙara ba. Ɗayar ma matarsa ba ta yarda da ita ba, a cocinsu ko warinta ba a so, kullum cikin wannan musu suke. Tartsatsi bai taɓa gane yadda mutum zai kasa tsayawa a ɗaya ba. Sau nawa yana saɓa Mai Madubi a kafaɗa ya dire shi a bakin labule, yana faɗa yana ƙarawa, wai shi a nuna masa abin da ke cikin ta biyu da babu a ta farko.

Matar Mai Madubi, wadda layin ke kira Innar Auta, ta yi faɗan, ta yi kukan, ta gaji ta yi shiru. Ta kafa keken ɗinkinta a bayan labulen nan, da shi ta toshe duk ramin da kwalba ta haƙa a gidan. In mata suka zo mata da tausayi mai kama da gulma, sai ta ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, ta ci gaba da taka kekenta.

Abin da wa'azi da zagi suka kasa, wata 'yar jikarsa da ko magana ba ta gama iyawa ba ta yi shi. Wata rana da hantsi 'ya'ya da jikoki sun taru a tsakar gida ana wasa da ita. A ce ta yi tafiyar agwagwa, ta yi. A ce ta yi ta soja, ta yi. Ba wanda ya sa ta, sai ta ce ga tafiyar Kaka, ta shiga tangaɗi tana dafa bango tana lumshe ido, har da ɗan tuntuɓen da yake yi a bakin ƙofa. Dariya ta ɓarke, nan take kuma ta mutu, don Mai Madubi na tsaye a jikin labule. Ya koma shago ya zauna a kan benci, kunya ta lulluɓe shi irin wadda bai taɓa ji ba tun da uwarsa ta haife shi. Kafin azahar ya kwaso kwalaben da ke ɓoye a bayan manyan gilasai ya tuttule su a kwata.

Mai cewa barin giya niyya ce kawai bai ga Mai Madubi a kwanakin nan ba. Zufa, amai, rawar jiki, har ya fara ganin ƙwari na bin bango. Tartsatsi ne ya sungume shi sai asibiti, inda wata likita ta wanke su tas, ta ce wanda ya daɗe yana sha ba ya yankewa shi kaɗai a ɗaki, ana mutuwa a haka. Aka kwantar da shi aka yi ta magani, ya fito a rame kamar kara, amma idonsa fari fat. Liman ya zo duba shi, ya yi masa addu'a, bai tono abin da ya wuce ba. Yaya ta taka gidan a karon farko cikin shekaru, ta zauna ta sha kukanta, ta share hawaye ta kama yi masa faɗan ramar da ya yi.

Sai dai tsugune ba ta ƙare ba. Ranar da ya koma bakin tebur ya ɗauko ɗan gilashin taga, aikin da da can yake yi yana hira, ya ja layi ya danna, tsagar ta yi kwana ta tafi kusurwa. Ya ɗauko wani, haka. Ya ɗauko na uku, haka. Watanni suka shige, kwandon tarkace na cika, masu kawo aiki na raguwa. Ya koma sai dai ya je ya auno, ya kai wa masu injin yanka a can cikin gari, ya dawo ya ɗaura, shi da ake tahowa daga nesa don a ga hannunsa. Ba daɗin giyar yake kewa ba, wannan ya fita ransa. Abin da ke cin sa shi ne ya gaskata tsohon ubangidansa: babu murfi, babu hannu. Wata rana ya faɗa wa Tartsatsi a fili cewa abin ya rage ɗayan biyu, ko ya rufe shago ko ya koma wa kwalba, kuma bai san wanda zai fi kashe shi da wuri ba.

Ana cikin haka Auta, ƙaramar 'yarsa, ta kama shagon gyaran gashi. Ta samo wani tsohon madubi daga wani otal da ake rushewa, mai kauri, garau, irin wanda yanzu ba a cika samu ba, amma ya fi bangon shagon tsawo da kamar kamu guda. Mijinta ya ce a kai wa masu inji a huta. Auta kuwa a wajen taurin kai Yaya ta biyo. Ta ce ita da ubanta a raye ba za ta kai madubi wa inji ba, ta sa ƙarti suka ɗauko shi suka shimfiɗe a kan teburin mai bargo. Mai Madubi ya roƙe ta, ya yi mata tsawa, ya ce ba ta ga kwandon tarkacen ba ne?

"Na gani, Baba," in ji ta. "In zai fashe, ya fashe a hannunka. Na fi son haka."

Ta saɓa jakarta ta tafi. Madubin ya cinye teburin kaf, babu inda za a ɗora ko kofin shayi. Kwana da kwanaki yana nan kwance yana kallon rufi. Mai Madubi ya auna ya sake aunawa, ya sa alama, ya goge, ya sake sawa. Duk lokacin da ya sunkuya da abin yanka sai ya haɗa ido da wani tsoho mai tsoro a ciki, ya miƙe ya koma benci. Ranar buɗe shagon Auta na matsowa, ita kuwa ko waya ba ta bugo ta tambaya ba.

Da safen da ya rage jibi a buɗe, Tartsatsi ya shigo ba dariya, abin da ba a saba gani ba. Ya janyo ƙofa, ya sa hannu a aljihun rigar aikinsa ya ciro wata 'yar kwalba ya ajiye a bakin benci. Don Allah kada a zage shi, ƙauna ce ta sa. Ya gaji da ganin amininsa na narkewa.

"Murfi ɗaya, mutumina," ya ce ƙasa-ƙasa. "Ɗaya tak. Ka yanka wa yarinyar nan abinta, in ɗauke sauran in tafi da shi. Ba wanda zai ji."

Mai Madubi ya kalli kwalbar. Warinta ya same shi tun ba a buɗe ba, yawu ya taru masa a baki, yatsunsa suka motsa da kansu. Ya daɗe a haka, har Tartsatsi ya fara murza murfin.

"Kai ne mai ɗaya," in ji Mai Madubi a ƙarshe. "Ni ba ni da ɗaya, ka fi kowa sani, kai ka sha ɗaukata. Na yi wa Allah alkawari a gadon asibiti. In sai da ita madubin nan zai yanku, a kai wa inji, ni kuma in sa wa shagon kwaɗo. Mayar da ita aljihunka."

Ya faɗi haka ne yana ganin sana'arsa ta ƙare ke nan, ba wai yana da wata dabara a ɓoye ba. Tartsatsi ya mayar da kwalbar, ya rasa inda zai sa idonsa.

Sai keken ɗinki ya tsaya, labule ya ɗage. Innar Auta ta fito da kofin ruwa cike har baki, ko kallon Tartsatsi ba ta yi ba, ta miƙa wa mijinta ta ce ya riƙe da hannun dama, ya miƙe hannun. Ya riƙe don kada a yi musu a gaban baƙo. Su uku suka zuba wa kofin ido. Ruwan na nan a kwance, ko ɗigo bai zuba ba.

"Baban Auta, hannun nan ya daɗe da daina rawa, ni nake ba ka shayi," ta ce. "Amma shekara da shekaru ina bayan labulen nan, in kana yanka ƙara ɗaya nake ji, ziiit, sai ƙas. Tun da ka dawo daga asibiti biyu nake ji. Kana ja, kana komawa kana maimaitawa. Na zaci wata sabuwar dabara ce, shi ya sa na kama bakina."

Mai Madubi ya ajiye kofin a hankali. Ya ɗauko abin yankansa ya kai bakin ƙofa wajen haske, ya juya 'yar tayar da farce. Ta dakushe, ta cinye. Sai ya ji kamar an watsa masa ruwan sanyi. Wannan ai ita ce doka ta farko, wadda ake koya wa mutum tun kafin a bar shi ya taɓa gilashi: layi sau ɗaya ake ja. Ka koma ta kansa, ka ɓata layin, ka kashe tayar, tsaga ta rasa hanyar bi. Tsoro ne ya sa yake sassauta hannu a jan farko, sai ya ji bai yarda da shi ba, ya koma ya ƙara, duk ba tare da ya san yana yi ba. Shi da ya kori almajiran sana'a nawa a kan wannan kuskuren, shi ne ya yi wata da watanni yana tafka shi, yana ɗora wa rashin kwalba laifi.

Bai tsaya gwaji a kan tarkace ba, ya san in ya tsaya tsoron zai dawo. Ya buɗe durowa ya ciro sabon abin yanka daga kwalinsa, ya goge fuskar madubin da tsumma, ya ɗora katakon a kan alama. Tartsatsi ya fara sulalewa wajen ƙofa, sai Mai Madubi ya kira shi ya ce ina za shi, ai hannun nan nasa mai kamar faranti yau ranarsa ce, ya zo ya danne masa katako, in ya bari ya motsa su biyu ne. Ƙaton nan ya zo ya danne da hannu biyu, ya riƙe numfashi.

Mai Madubi ya tsoma bakin ƙarfen a kananzir, ya sunkuya ya miƙa hannu can ɗaya bakin, ya yi bismilla. Ya jawo da nauyi ɗaya, kafaɗa na jan gwiwar hannu, ƙarar na tafiya siririya ba yankewa kamar ana yage sabon yadi, har tayar ta sauka a kan bargo. Hannunsa ya so ya koma. Ya ji shi sarai yana so, ya ɗage shi sama ya ajiye ƙarfen can gefe. Suka ɗaga bakin madubin, ya cusa kara a ƙarƙashin layin, ya shimfiɗa tafukansa gefe da gefe, ya danna.

Ƙas.

Ya bi bakin yankan da babban yatsa daga farko har ƙarshe. Santsi, miƙe sambal, ko ɓantarewar ƙwayar gero babu. Tartsatsi ya saki wata irin dariya da ta sa kafintan tsallake ya yar da gudumarsa ya sheƙo a guje, ya zaci wani abu ne ya fashe. Tartsatsi ya rungumi Mai Madubi ya ɗaga shi sama yana jujjuyawa, Innar Auta na cewa ya sauke mata miji kafin su faɗa kan kayan mutane. Da Auta ta iso, ta shafa bakin madubin, ba ta yi wani mamaki ba, cewa ta yi dama ta sani, ta juya baya tana goge ido da gefen mayafi.

Aka ɗauke madubin, tebur ya samu sarari, shi ke nan kuma aka rasa mai tsayar da Mai Madubi. Ya janyo kwandon tarkacen nan na watanni, ya tsinto guntayen madubi ya shiga yanka. Ziiit, ƙas. Ziiit, ƙas. Ya fitar da 'yan madubai masu kusurwa huɗu, masu tsawo, har da masu zagaye, ya goge bakinsu da dutse, duk wanda ya leƙo a miƙa masa ɗaya. Mai kantin kwana ya zo wucewa, aka danƙa masa nasa, ya karɓa yana kame-kame, yau dai ya amsa sallama har da tambayar iyali. Abinci ya huce, aka ɗumama, ya sake hucewa.

Sai bayan la'asar, da mutane suka watse, ya zauna a kan benci ya shimfiɗa hannun damansa a kan gwiwa yana kallo. Innar Auta ta fito da kwano ta same shi hawaye na bin gemunsa, yana murmushi.

"Ashe tun farko nawa ne," ya ce. "Duk abin da na yanka a duniyar nan, ni na yanka. Na ɗauki rayuwata guda ina gode wa kwalba a kan aikin da ba ta taɓa yi ba."

Ta ajiye kwanon a gabansa, ta kama hannun ta juya shi, ta cire wani ɗan tsinin gilashi da ya maƙale a tafin.

"To da na wa ne, Mai Madubi?" ta ce. "Wanke shi ka ci abinci, gobe da aiki."